Haƙƙin yankan ƙanƙara a kogunan Amurka

Haƙƙin yankan ƙanƙara shi ne ikon da doka ke bai wa mutum ko kamfani na ya yanke ƙanƙarar da ta daskare a saman kogi ko tafki lokacin hunturu, ya adana ta, ya sayar. Batun ya fi tasowa a arewacin Amurka a ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20, zamanin da ba a da firij, lokacin da birane irin su New York da Boston da Chicago suka dogara da ƙanƙarar kogi wajen adana nama da madara da kifi. Ƙanƙarar da ake nufi a nan ita ce ruwan da sanyi ya daskarar har ya zama faifai mai kauri a saman kogi, wanda doki zai iya takawa, ba wadda ke faɗowa tare da ruwan sama ba, ko da yake da suna ɗaya Hausa ke kiran su biyun.

Tambayar da kotuna suka sha fama da ita ita ce: ta wane ne ƙanƙarar da ke kan kogi, kuma a ina rabon wani ya ƙare na wani ya fara? Galibin kotunan sun amsa ta ne ta hanyar duba wanda ya mallaki ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan. Da yake kowace jiha da tata ƙa'idar a kan mallakar ƙasan kogi, sai aka wayi gari kogi ɗaya yana da hukunci biyu, ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan.

Yadda ƙanƙara ta zama dukiya

Frederic Tudor, wani ɗan kasuwa na Boston, shi ne ya fara fitar da ƙanƙara zuwa ƙasashe masu zafi. A shekarar 1806 ya aika da jirgin ruwa ɗauke da ita zuwa tsibirin Martinique, a 1833 kuma ya kai ta har Kalkata a Indiya. Abokin harkarsa Nathaniel Wyeth ya ƙirƙiro wata garma da doki ke ja a 1825, mai tsaga ƙanƙara layi-layi, wadda ta rage tsadar aikin ƙwarai. Ana share dusar ƙanƙarar da ta rufe saman kogin, domin tana hana sanyi ratsawa, sai a shata fili gida-gida kamar allon dara, a tsaga da garma, a ƙarasa da zarto. Daga nan a turo tubalan ta wata hanyar ruwa da aka buɗe zuwa bakin gaɓa, a jera su cikin manyan rumbuna na katako, a lulluɓe da garin katako ko ciyawa don kada su narke kafin bazara.

Zuwa ƙarshen ƙarnin an ƙiyasta cewa sana'ar na ɗaukar ma'aikata kimanin 90,000 da dawakai 25,000 a faɗin Amurka. A Kogin Hudson kaɗai, tsakanin New York da Albany, akwai manyan rumbuna wajen 135 a shekarun 1880. Ga shi kuma lokacin girbin gajere ne, 'yan makonni a watannin Janairu da Fabrairu. Kamfanin da ya rasa filinsa a waɗannan makonni ya yi asarar shekara guda ke nan, shi ya sa rigimar iyaka a kan ƙanƙara ba ta jiran sulhu mai tsawo.

Rabon farko da ya yi suna a tafki aka yi shi. 'Yan kasuwar da ke yanka a tafkin Fresh Pond da ke Cambridge a Jihar Massachusetts sun yi ta saɓani, har aka ɗora wa Simon Greenleaf, farfesan shari'a a Jami'ar Harvard, alhakin raba musu. A taswirar da ta fito a 1841, an raba saman tafkin gwargwadon tsawon gaɓar da kowa ya mallaka, layukan suna tashi daga baki suna nufar tsakiya. Tun daga lokacin farashin filin bakin tafkin ya yi tashin gwauron zabi, domin duk wanda ya sayi gaɓa ya sayi ƙanƙarar da ke gabanta. Sai dai tafki a tsaye yake. Kogi yana tafiya, yana lanƙwasa, yana da tsibirai, kuma hanya ce ta jama'a.

Ƙasa ce ko kaya?

Ruwan da ke gudana ba mallakin kowa ba ne a dokar gargajiya ta Ingila, wadda Amurka ta gada. Mai gaɓa yana da damar amfani da shi ne kawai yayin da yake wucewa. To idan ya daskare fa? A 1870 Kotun Ƙolin Jihar Indiana ta ɗauki ƙanƙarar da ke manne a kan ruwan da ke bisa filin mutum a matsayin wani ɓangare na filin. Kotun Ƙolin Michigan kuwa, a shari'ar Higgins da Kusterer ta 1879, ta ɗauke ta a matsayin kayan sayarwa da ake iya cinikinsa da baki ba tare da takardar ƙasa ba, tunda abu ne mai narkewa wanda ba shi da amfani sai an raba shi da inda yake. Bambancin ya shafi yadda ake ciniki da irin ƙarar da za a shigar. Amma a kan wanda ke da ikon yanka tun farko, ƙasan ruwan ake dubawa.

Zaren kogi

Tsohuwar ƙa'idar Ingila ta ce wanda ya mallaki fili a bakin kogi ya mallaki ƙasan kogin har zuwa tsakiyarsa. Lauyoyi na faɗin ta da harshen Latin, usque ad medium filum aquae, wato har zuwa zaren tsakiyar ruwa. Kalmar filum zare take nufi, kamar a ce an miƙa zare a tsawon kogin ya raba shi biyu. Idan mutum ɗaya ne ke da gaɓoɓin biyu, ƙasan duka nasa ne. Idan mutum biyu ne, kowa ya tsaya a zaren.

Jihohin da suka riƙe wannan ƙa'ida sun bai wa mai gaɓa ƙanƙarar da ke gabansa. Michigan ta fara nuna haka tun a shari'ar Lorman da Benson ta 1860, a kan Kogin Detroit, inda gungumen katako da wani ya tara a gaban gaɓar da mai ƙara ke haya suka hana shi ɗibar ƙanƙara. Wadda aka fi ambata ita ce shari'ar kamfanin Washington Ice da Shortall, wadda Kotun Ƙolin Illinois ta yanke a 1881 a kan Kogin Calumet kusa da Chicago. Kamfanin ya yanke ƙanƙara a gaban filin wani, yana ganin kogin na kowa ne tunda jirage na bi. Kotun ta ce haƙƙin jama'a a kogin na wucewa ne kawai, ƙanƙarar kuwa ta mai ƙasan ce, don haka sai kamfanin ya biya.

Akwai kuma iyakar gefe, tsakanin maƙwabta biyu da ke gaɓa ɗaya. Mai karatu zai iya zaton layin da ya raba gonakinsu a tudu shi ake miƙewa da shi cikin ruwa. Yawancin kotuna ba su bi haka ba, domin layin tudu na iya zuwa a karkace, ya yanke wa maƙwabci gabansa baki ɗaya. Abin da aka fi yi shi ne a tashi daga inda iyakar ta taɓa gaɓa, a ja layi kai-tsaye ya faɗa wa zaren kogin a tsaye. A inda kogi ya miƙe, wannan ba shi da wuya. A lanƙwasa ne ake jin jiki: mai gaɓar waje layukansa biyu suna matsowa kusa da juna yayin da suke shiga ruwa, rabonsa ya tsuke, na gaɓar ciki kuma nasa ya buɗe.

Kalmar da ta raba jihohi

Ƙa'idar zaren ba ta aiki a kogin da doka ta kira navigable. A Ingilishin yau da kullum, kalmar na nufin ruwan da jirgi zai iya bi. A bakin lauyoyin da suka gaji dokar Ingila kuwa ta ɗauki wata ma'ana ta daban: ruwan da cikowa da janyewar teku ke kaiwa gare shi. Irin wannan ruwa ƙasansa na sarki ne, a Amurka kuma na jiha. A Ingila ma'anonin biyu ba su yi nisa da juna sosai ba, saboda ƙasar tsibiri ce mai gajerun koguna. A Amurka sun rabu nesa. Kogin Misisipi na ɗaukar manyan jiragen tururi na ɗaruruwan mil a inda tasirin teku bai taɓa zuwa ba. A ma'anar farko kogin jama'a ne, a ta biyu kuwa daidai yake da rafin bayan gari.

Kotun Ƙolin Amurka ta karkata ga ma'anar yau da kullum; a hukuncin da ta yanke kan jirgin Daniel Ball ta ce kogin da ake bi da jirgi don kasuwanci shi ne doka ma za ta kira haka. Amma a shari'ar Barney da Keokuk ta shekarun 1870 ta bar wa kowace jiha ta yanke wa kanta wanda ya mallaki ƙasan irin waɗannan koguna. Daga nan rarrabuwar ta tabbata.

Illinois ta riƙe ma'anar Ingila, har a kan Misisipi: mai gaɓa yana da ƙasa zuwa tsakiya. Iowa da Missouri, waɗanda ke fuskantar ta a ɗaya gaɓar, sun tsayar da mai fili a bakin ruwa, suka bar ƙasan kogin a hannun jiha. Ma'ana, mutum biyu na iya tsayawa a kan faifan ƙanƙara ɗaya, tazarar 'yan taku tsakaninsu, na gabas yana cikin mallakar wani, na yamma yana kan abin da kowa ke da damar ɗiba. A Kansas, shari'ar Wood da Fowler ta 1882 ta bi hanyar Iowa. Alƙali David Brewer, wanda daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka, ya yanke cewa ƙasan Kogin Kansas na jiha ne, mai gaɓa ba shi da fifiko a kan ƙanƙarar, wanda ya riga kama ta shi ke da ita.

Jihar Maine ta haɗa duka biyun a kogi ɗaya. Kogin Kennebec, wanda ƙanƙararsa ta yi suna wajen tsabta, tasirin teku na kaiwa cikinsa har garin Augusta, ko da yake ruwan wannan yanki ba na gishiri ba ne. Daga Augusta zuwa sama ƙa'idar zaren ke aiki. Daga nan zuwa ƙasa, inda manyan rumbunan Gardiner da Richmond suke, mai gaɓa yana da fili ne zuwa inda ruwa ke tsayawa idan ya janye, bisa wata tsohuwar doka ta shekarun 1640 da Maine ta gada daga Massachusetts, wadda ta ƙayyade nisan kada ya wuce kimanin mita 500. Abin da ke gaba da nan na jama'a ne. Wannan tsohuwar doka ce kuma ta mayar da duk tafkin da ya wuce eka goma na jama'a, abin da ke nuna cewa rabon Fresh Pond yarjejeniya ce tsakanin masu gaɓa.

Ina tsakiyar take?

Ko a inda aka yarda cewa iyaka ita ce tsakiyar kogi, da sauran magana, domin kalmar tsakiya ma fuska biyu gare ta. Tana iya nufin layin da ke daidai rabin tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa. Tana kuma iya nufin tsakiyar hanya mafi zurfi da jirage ke bi, wadda masana dokar ƙasa da ƙasa ke kira thalweg, kalmar Jamusanci da asalinta ke nufin hanyar kwari. A 1893, a ƙarar da ke tsakanin Iowa da Illinois, Kotun Ƙolin Amurka ta ce iyakar jihohin biyu a Misisipi ita ce tsakiyar babbar hanyar jirage. Tsakanin masu filaye a ƙananan koguna kuwa, an fi auna rabin tazara daga gaɓa zuwa gaɓa lokacin da ruwa ke matsayinsa na yau da kullum.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A ɗauka, a misali, kogi mai faɗin mita 600, wanda zurfinsa ya raɓi gaɓar gabas da tazarar mita 150. Idan rabin tazara aka bi, kowane ɓangare na da mita 300. Idan hanyar jirage aka bi, na gabas ya tashi da 150, na yamma ya kwashe 450. Ga mai awon ƙasa, layin rabin tazara ya fi sauƙi, domin ana iya auna shi da igiya a kan ƙanƙarar kanta. Hanyar zurfi kuwa a ɓoye take ƙarƙashin faifan, kuma tana iya gusawa bayan ambaliya ko bayan an yashe kogin. Tsibiri ma na ƙara dagula lissafi, tunda yana raba kogin gida biyu, kowane reshe da nasa zaren.

Kafa turaka

A inda ƙanƙara ta jama'a ce, sai wata tambayar ta taso: me mutum zai yi kafin a ce ya kama fili? Al'adar masu sana'ar ita ce a kafa turaka ko rassan itace a kewaye wurin da zarar ƙanƙarar ta iya ɗaukar mutum, sannan a riƙa share shi ana gadi har ta yi kaurin yanka. A Missouri, shari'ar Hickey da Hazard ta 1877 a kan Misisipi ta amince cewa wanda ya shata fili, ya tsare shi, ya yi masa aiki, ya samu riƙon da doka za ta kare. Kotunan Massachusetts da Maine sun fi tsanani a kan manyan tafkuna: kafa turaka kaɗai, ko share wuri a tafi a bar shi, ba ya hana wani zuwa ya yanka. Dalilinsu a fili yake. Da turaka sun wadatar, da babban kamfani ya kewaye tafki sukutum a daren farko na sanyi.

Duk da haka, cewa kogi na kowa ne bai sa kowa ya samu daidai ba. Tubalin ƙanƙara abu ne mai nauyi, ba a kai shi nesa kafin a adana, kuma ba wanda ke da ikon ratsa filin wani don ya fito da shi. Wanda ke da rumbu a bakin ruwa shi ke cin moriyar filin da ke gabansa, ko doka ta ba shi ko ba ta ba shi ba.

Dokar Kogin Hudson

Tasirin teku na kaiwa cikin Hudson har garin Troy, don haka ƙasan yankin da ake yanka a hannun Jihar New York yake. A 1895 majalisar dokokin jihar ta sa baki. Dokar ta ce mai fili ko mai haya a bakin Hudson, idan yana buƙatar ƙanƙara don cika rumbun da ke kan filin, shi kaɗai ke da ikon yanke wadda ke gabansa har zuwa tsakiyar kogin. Sharaɗi shi ne ya nuna niyyarsa ta hanyar kafa turaka a iya abin da yake buƙata, kuma ya kewaye ramukan da ya buɗe da shingen rassa ko wani abin gargaɗi. Dokar ba ta ba shi ƙasan kogin ba. Ta ari layin tsakiya ne daga ƙa'idar zare, ta haɗa shi da turakan ƙa'idar riga-kamu, ta kuma ɗaure duka biyun ga mallakar rumbu. Wanda ya fi amfana a zahiri shi ne mai jari, kuma shekaru huɗu bayan haka, a 1899, Charles W. Morse ya haɗe manyan kamfanonin Hudson da na Maine ƙarƙashin American Ice Company.

Masu wucewa a kan kogi

Daskararren kogi hanya ce. Manoma da masu dakon katako na ratsa shi da dawakai don rage nisa, ramin da masu yanka suka bari kuma yana sake daskarewa sama-sama, dusa ta rufe shi, ba mai gane shi. A shari'ar Woodman da Pitman ta 1887, wadda ta taso bayan dawakai sun faɗa ruwa a Kogin Penobscot kusa da Bangor, Kotun Ƙolin Maine ta ce tafiya a kan ƙanƙara da yankan ta duka haƙƙoƙin jama'a ne, dole kowanne ya yi la'akari da ɗan'uwansa. Ta kuma auna nauyinsu a wannan wuri, ta ga cinikin ƙanƙara ya fi hanyar hunturun muhimmanci ga jama'ar yankin.

Jiha ma an taka mata burki. Wisconsin ta sa harajin santi goma a kan kowane tan na ƙanƙarar da aka yanka a tafkunanta aka fitar waje, galibi zuwa Chicago. A 1902, a shari'ar Rossmiller, Kotun Ƙolin jihar ta soke dokar, bisa hujjar cewa jiha amana take riƙe wa jama'a a kan ruwan, ba ta mallaki ƙanƙarar mallakar da za ta sayar ba.

Ƙarshen cinikin

Hunturu mai ɗumi, kamar na 1880 da na 1890, ya sha hana Hudson daskarewa yadda ya kamata, sai 'yan kasuwa su ruga Kennebec, farashi ya hau. Wannan rashin tabbas, tare da ƙazantar birane da ke kwarara cikin koguna da tsoron zazzaɓin taifod, ya buɗe wa ƙanƙarar inji kasuwa. Zuwa 1914 wadda ake yi a masana'anta ta kai kimanin tan miliyan 26 a shekara, ta zarce ta kogi mai tan miliyan 24. Firij na gida ya ƙarasa sauran daga shekarun 1930. Rumbunan katako da yawa gobara ta cinye su, wasu aka rushe.

Sashen dokar Hudson ya ci gaba da zama a kundin dokokin kasuwanci na New York shekaru masu yawa bayan an daina yanka. Ƙa'idojin mallakar ƙasan kogi kuwa, waɗanda shari'o'in ƙanƙara suka taimaka wajen fayyace su, har yanzu da su kotunan jihohi ke aiki idan rigima ta taso a kan haƙar yashi da tsakuwa, ko gina matsayar jirage a gaban filin wani.